Sau Ɗaya a Mako

Litinin, bayan azahar

Sista ta tara mu tun kafin a hau sikeli, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin wankin ƙoda, hannuwa cikin aljihu, ta ce daga yau kowa sau ɗaya zai riƙa zuwa a mako, ba sau biyu ba. Kayan aiki sun yi ƙasa: matatar da jini ke bi ta ciki, da robobi, da ruwan da inji ke sha.

"Na ɗan lokaci ne," in ji ta. Bango take kallo, ba mu ba.

Kyaftin ne ya fara magana, dama shi ba ya ƙaunar shiru. Tsohon soja ne, kujerarsa tana hannun damana.

"To Sista, an sanar da ƙodar tawa? Don ita ba ta jin sanarwa."

Muka yi dariya, har da Mai Agogo, dattijon da ke haguna, wanda sai a yini ba a ji muryarsa ba. Amarya ce kawai ba ta dara ba. Muna kiranta haka ne don ba ta daɗe da aure ba ta shigo cikinmu; haihuwar fari ce ta taɓa mata ƙoda. Ta ce, "Mama, mutum yana iya kai mako?" Na ce mata sosai ma. Ban san daga ina na samo sosai ɗin ba.

Shekara biyu ke nan ina wannan kujera, tun da hawan jini ya gama da ƙodata ya fitar da ni daga aji. Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da wanda na sha. Yau dai ga abin da na rubuta.

Alhamis, da safe

Jikina ya tashe ni da wuri, shi bai san an soke Alhamis ba. Har na ɗauko bargon da nake tafiya da shi, sannan na tuna. Na mayar.

Alhamis, da yamma

Maigida ya ɗauke tulun roba daga falo ya kai bayan ƙofar kicin. Ya ce wurin ya fi sanyi. Na san dalili, shi ma ya san na sani. Tun jiya na lura ya daina shan ruwa a gabana. Sai ya ce zai duba ƙofar gida, ya dawo da leɓe a jiƙe.

Ƙaramin kofin shayi da safe, wani da rana, rabi don haɗiyar magani. Sauran sai ƙanƙara in riƙa tsotsa. Ba gishiri, ba ayaba, ba lemo, ba tumatir. Da ana biyan mutum kan abin da ya bari, da yanzu na yi gida sama.

Asabar, da hantsi

Takalmana sun ƙi shiga.

Lahadi, bayan la'asar

Auta ta zo da cikinta har haɓa. Watanta ne. Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta miƙa tata ƙafar kusa da tawa.

"Umma, ni da ku wa ya fi kumburi?"

"Ke naki da ranar saukewa," na ce.

Ban yi nufin ta fito haka ba. Ta janye ƙafarta. Don in gyara na tambaye ta awo. Ta ce asibitin unguwarsu ya canza: an yi fenti, an kawo sabon firij, an ƙaro ungozoma, maganin ƙarin jini ma kyauta suke bayarwa. Na ce Allah ya ɗorar. Da zuciya ɗaya na faɗa, ina jin.

Da za ta tafi ta ce, "Ranar nan fa ku nake so a kusa da ni, ba kowa ba." Na ce ina zan je?

Litinin, da yamma

Sikeli ya tona kowa. Sista ta dubi nawa ta ce, "Mama, kogi kuka shanye?" Na rantse mata ban wuce kofina ba. Ta ce ta sani, wasa take.

An cire abin da zai ciru. Kusan ƙarshe ƙafafuna suka ɗaure, na cije bargo. Kyaftin kuwa labarin wani kwamandansu yake ta ba mu, wanda ke tsoron kaza, labarin da muka ji har muka haddace. Yau ban hana shi ba.

Mai Agogo ya shigo yana haki, ɗansa na riƙe da shi. Bai iya kwanciya ba, a zaune aka yi masa. Da aka kusa gamawa ya miƙo hannu ya ce in ba shi agogona, tun ɗazu yake lura yana baya. Ya buɗe bayansa da farce, ya hura, ya kai kunne.

"Batir ne, Malama. Ki bar min shi, Litinin zan kawo miki."

A hanyar fita na ji masu shara suna magana. Ɗaya ta ce ɗan kwangila ne ba a biya ba. Ɗaya ta ce an biya, a hanya aka raba. Mai gadi ya ce shi dai ya ji an karkatar da kuɗin zuwa ƙananan asibitoci. Kowa da nasa, kuma kowa ya rantse daga bakin babba ya ji.

Laraba, da rana

Ƙishirwa. Ba abin da zan rubuta sai ita.

Juma'a, bayan la'asar

Rediyo a kunne ina kishingiɗe da matashi uku a bayana, don in na kwanta sosai numfashi ba ya isata. Wani jami'i yana bayani cewa mutuwar mata wurin haihuwa da ta yara ƙanana ta ragu a 'yan shekarun nan, saboda abin da aka zuba a rigakafi da ƙananan asibitoci. Maigida ya yi tsaki zai kashe. Na ce ya bari.

Don ni na san ba duka ƙarya ba ne. Farkon fara koyarwata, duk shekarar da ƙyanda ta ratsa unguwa, in an dawo hutu sai ka ga giɓi a benci. Ka tambaya ina wane, yara su ce ya rasu, kamar suna cewa ya tafi kasuwa. Wata shekara sai da na haɗe benci biyu. Amma shekarun ƙarshe da na yi a aji, har faɗan wurin zama ake yi, ina ta masifa aji ya cika. Ba addu'armu ce ta ƙaru ba. Tun da ma muna yi. Wani ne a wani ofis ya sa hannu aka sayi allura, aka sayi firij, aka biya wadda za ta bi gida-gida.

Wato sa hannu yana raya mutum. To rashinsa fa?

Asabar, da yamma

Mun je gidan Mai Agogo. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Lahadi, da safe

Jiya ban iya rubutawa ba.

Matarsa ta ce bai sha wahala sosai ba. Yana zaune a bakin gado yana cewa a buɗe taga, alhali a buɗe take. Kafin a samo mota shi ke nan. Mata sai cewa suke zuciya ce, ai ka san tsufa. Na zauna a cikinsu ina amsa "Allah ya jiƙansa", ban gyara musu ba.

Ɗansa ya biyo ni har mota da agogona a cikin 'yar leda. Ya ce, "Baba ya ce na Malama ne." Yana tafiya daidai.

Abin da ke cin raina: a gida ya rasu, ba likitan da ya gani, ba takardar da aka rubuta. In mutumin rediyo ya zo lissafinsa na baɗi, Mai Agogo ba ya ciki. Ko yana ciki ma, a layin tsofaffi masu ciwon zuciya zai faɗa. Ba wanda zai ce Alhamis ce ta kashe shi.

Astagfirullah. Kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma dai.

Litinin, bayan azahar

An sa wani daga rukunin Talata a kujerar hagu. Mutumin kirki ne, ya gaishe ni. Na kasa juyawa wajensa.

Amarya fuskarta ta cika, idanun sun ƙanƙance. Ta ce 'yarta ta fara rarrafe, ita kuwa ba ta iya binta. Ta nuna min hoto a waya. Yarinyar har da haƙora biyu.

Kyaftin yau ba labarin kaza. Ya ce, "Malama, zama ba zai yi ba. Jibi mu je ma'aikatar lafiya. Ke kina da baki, ni ina da murya." Mijin Amarya, wanda ke gyaran babura, ya ce zai kai mu.

Sista tana jin mu. Tana naɗe roba ta ce, "Ni ban ji komai ba. Amma hawa na biyu ne, ƙofar ƙarshe."

Laraba, da yamma

Hawa na biyu. Na'urar hawa ta lalace. Ni da Kyaftin muka riƙa hawa muna zama a matakala kamar masu tallan da ba ciniki. Ya ce a soja ya hau dutse da kaya a baya, yau ga shi bene ya ci shi da yaƙi.

Mun daɗe a benci kafin a shigar da mu. Na shirya wa mai tumbi da girman kai. Sai na tarar da siririn mutum mai furfura, da kwalin maganin olsa a kan tebur. Darakta. Ya tashi da kansa ya jawo min kujera. Ya ce a kawo mana ruwa, sannan ya tuna, ya ce a bari, ya ba mu haƙuri.

Na yi bayani kamar yadda na tsara. Ya saurara har ƙarshe, bai duba waya ba.

"Hajiya, ba zan yi muku ƙarya ba," in ji shi. "A kasafi an rubuta kuɗinku. Amma abin da aka rubuta daban, abin da ake sakowa daban. Bana abin da ya iso hannuna bai kai rabi ba. Da shi zan riƙe firij ɗin rigakafi, da ɗakunan haihuwa, da ku. Abin da za a wanke wa mutum ɗaya jini a shekara, zai yi wa yaran unguwa guda allura. Ku zauna a kujerar nan, ku gaya min wa zan cire."

Mijin Amarya ya sunkuyar da kai.

Kyaftin ya nuna taga da sandarsa. "Yallaɓai, waɗancan sababbin motocin da ke ƙasa, da ledarsu a kujera, su ma rigakafi ne?"

Darakta bai ko leƙa ba. "Ba daga aljihuna suka fito ba, Baba. Nasu layin daban ne."

"To a cire nasu layin mana."

"Da ni ke cirewa, da ba ku hawo benen nan ba."

Ya ce ya rubuta sama, ya sake rubutawa, zai kuma rubutawa. Na tambaye shi yaushe. Ya buɗe hannuwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗaya daga cikinmu ya rasu makon jiya." Ya tambayi sunansa. Na faɗa masa. Ya maimaita a hankali, ya yi masa addu'a. Bai rubuta ba.

A mota Kyaftin ya ce, "Na fi son a ce ɓarawo muka tarar. Da na zage shi na huce."

Alhamis, da hantsi

Tun jiya tambayarsa ke min yawo. Wa zan cire?

Da a aji aka ba ni ita a matsayin lissafi, da ban ɓata alli ba: mace ɗaya da ta haura hamsin, ga yaran unguwa guda. Kowane ɗan aji huɗu zai ba da amsa. Sai dai macen ni ce, kuma ina so in ga abin da Auta za ta haifa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tambayar ke nan. Wa ya ce dole tsakanina da jarirai za a zaɓa? Wa ya ƙulle mu a ɗaki ɗaya da kwano ɗaya, ya tafi da mabuɗi?

Juma'a, bayan azahar

Sista ta kira. Inji ɗaya ya tsaya, kayan da suka rage kuma ba za su ɗauki rukuninmu duka ranar Litinin ba. Likita ya duba gwajin jinin kowa ya raba mu biyu. Ni Litinin, don gishirin nan mai tsayar da zuciya ya hau sosai a jinina. Kyaftin da Amarya sai Alhamis ta sama.

Na ce, "Sista, Amarya fa? Kin ga fuskarta."

"Na gani, Mama." "Na ɗan lokaci ne."

Asabar, bayan la'asar

Mun yi baƙo.

An yi yayyafi da safe. Maigida ya gyara ƙofar banɗaki da ta daɗe tana ƙara. Na ci farar shinkafa cokali kaɗan. Auta ta kira ta ce bayanta na ciwo.

Mijin Amarya ne baƙon. Ya ƙi hawa kujera, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, hannuwansa duk baƙin mai. Ya daɗe yana gaisuwa. Sannan ya ce kwana biyu ke nan ba ta kwanta ba, a zaune take kwana, jiya ma ta yi ta amai. Ya je asibiti, Sista ta ce ba ta da ikon canzawa, sai dai in wani mai Litinin ya yarda a yi musanya. Ya je wurin mutum biyu kafin ni.

"Mama, ita ta hana ni zuwa nan. Ta ce kada in sa ku a tsaka mai wuya. Ni ne dai na kasa zama."

Na dubi Maigida. Ya dubi ƙasa. Shekara talatin yana yanke magana a gidan nan tun ba a tambaye shi ba, yau ya bar min.

Na ba shi amsa.

Ya ce ba komai, wallahi ba komai, ya fahimta. Ya yi min addu'ar samun lafiya, doguwa, da na fi son a ce zagina ya yi. Maigida ya raka shi waje. Na ji babur ya daɗe bai tashi ba.

Litinin zan je.

Lahadi, da safe

Litinin zan je. Likita ne ya duba jini, ba ni ba.

Lahadi, da yamma

Na ɗauki waya in kira Amarya. Na ajiye.

Talata, da hantsi

Jiya ba ta rubutuwa a jiya.

Ina sa mayafi za mu fita asibiti, mijin Auta ya kira: naƙuda ta tashi tun asuba, suna asibitin unguwa. Na ce wa Maigida mu juya can. Ya tsayar da mota a bakin titi, ya kashe.

"In kin rasa yau, sai yaushe?"

"Ta ce ni take so a kusa."

"Tana son ki a kusa baɗi ma," in ji shi.

Bai taɓa yi min magana da wannan murya ba. Ya sauke ni a ƙofar ɗakin wanki, ya damƙa ni a hannun Sista kamar 'yar makaranta, ya wuce wurin Auta.

Na kwanta cikin baƙin fuskoki. Dama ba Kyaftin, gaba ba Amarya. Aka soka allurai, jinina ya fita ya shiga roba, inji ya fara ƙugi. Waya na kan ƙirjina. Kira na farko: ana ciki. Na biyu: ta sauka, mace, tana kuka. Na fara hamdala. Na uku kuwa Maigida ne, kuma bai yi sallama ba.

"Jini ya ɓalle mata. Suna kanta. Ki yi addu'a."

Na yunƙura zan tashi. Sista ta danne kafaɗata. "Mama, jininku rabi yana waje. In kun fizge allurar nan, gawa biyu za a yi." Ta jawo kujera ta zauna, ta riƙe hannuna mara allura. Ga aiki yana jiranta, ba ta tashi ba.

Ban san tsawon lokacin ba. Ina kallon jinina yana zagayawa lafiya lau cikin injin gwamnati, 'yata kuma nata yana zuba a ƙasa a wani ɗakin gwamnati. Na ce ya Allah, in ciniki ne, ga ni. Sai na tuna ranar Asabar an zo min da ciniki har gida.

Da waya ta sake ƙara, Sista ce ta ɗauka, ni na kasa. Ta saurara. Ta ce, "Ya tsaya. Sun yi mata allura, sun sa mata ruwa. Ya tsaya, Mama."

Laraba, da yamma

An kai ni na gan su. Auta ta yi fari fat, amma har da tsiya: "Umma, kun yi min alkawari kun tsere." Jaririyar jawur, da gashi cike da kai, ta damƙe yatsana ta ƙi saki.

Ungozomar, wata gajeruwa mai saurin magana, ta ce mu gode wa Allah. Allurar da ta tsayar da jinin sai a firij take zama, kuma bara war haka ba su da firij ɗin, ba su da allurar. "Da sai dai mu sa ta a mota zuwa babban asibiti, kuma yadda jinin nan ke zuba..." Ba ta ƙarasa ba.

Na tambaye ta daga ina kuɗin suka fito. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ni ina na sani? Mota ta zo ta sauke, na sa hannu."

Duk hanyar gida firij ɗin ne a raina. Ban sani ba ko Alhamis ɗina ce ke cikin firij ɗin nan. Ko ta Mai Agogo. Ko kuwa ba ruwan wannan da wancan, namu yana can cikin mota mai leda a kujera. Ba wanda zai gaya min, kuma ina jin ko Darakta bai sani ba.

In tawa ce, na yafe. Ta Mai Agogo kuwa ba ni da ikon yafewa.

Alhamis, bayan la'asar

Kyaftin ya kira daga kan inji, murya a dishe. Ya ce sun cire masa ruwan da zai isa wankin mota. Ya yi min barka. Ya yi ta zagaye-zagaye.

Na ce, "Kyaftin, Amarya tana nan?"

Ya ce ba ta zo ba. Jiya da rana mijin ya ɗauke ta zuwa garin iyayenta, wai akwai mai maganin gargajiya a can. Sista ta yi ta kira, waya a kashe.

"Kwana ɗaya ya rage mata," in ji shi. "Kwana ɗaya, Malama."

Juma'a, da safe

Waya a kashe.

Asabar, da rana

A kashe.

Lahadi, bayan azahar

Ta shiga. Wata tsohuwa ce ta ɗauka, ta ce ita ce kakar Amarya. A bayanta ina jin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka, irin ta gidan da aka taru zaman makoki. Na faɗi abin da ake faɗa. Ta tambayi ko ni wace ce. Na ce abokiyar zamanta ce a asibiti.

"Ke ce Mama? Tana yawan zancenki. Ta ce ke kika ce mata mutum yana iya kai mako."

Maigida ya karɓi wayar daga hannuna ya ƙarasa gaisuwar.

Da yamma ya zo ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Da kin ba ta, da yau ni ke amsa waya." Na ce na sani. Ya ce, "To." Muka zauna. Can ya tashi ya kawo min ƙanƙara a kofi, ya kawo wa kansa ma, muka yi ta tsotsa kamar yara.

Litinin, da yamma

Kwalayen kayan wanki a barandar asibiti har rufi. Mota ta kawo su ranar Asabar. Ba wanda ya san abin da ya sa aka saki kuɗin: wani ya ce wasiƙar Darakta ce, wani ya ce wani babba ne ɗan'uwansa ya kamu da ciwon. Injiniya ya zo ya tayar da injin da ya tsaya. Sista ta ce an koma sau biyu a mako.

Kyaftin ya ce, "Har yaushe?"

"Har su ƙare," in ji ta. Wannan karon ta dube mu.

Ya rame, sandarsa ma kamar ta yi masa nauyi, amma ya ce in kawo masa hoton jikata ya gani ko ta yi kyan da zai biya sadaki. Na ce ya fara biyan bashin numfashi tukuna.

Ana cikin haka aka shigo da wata sabuwa, mai sayar da yadi a kasuwa, in ji 'yarta. Yau ne farkonta. Aka zaunar da ita a kujerar da ke gabana. Sai zare ido take, tana kallon robobi, tana kallon jinina yana tafiya. Da Sista ta je ɗauko allura, sai matar ta sunkuyo ta yi ƙasa da murya.

"Baiwar Allah, kin daɗe a nan?"

Na ce na ɗan kwana biyu.

"An ce min wani lokaci kaya suna yankewa. Gaskiya ne? Ana dai samu kullum ko?"

Kyaftin ya juyo yana kallona. Sista ma ta tsaya da tire a hannu.

Na ce, "Ba kullum ba. Yau dai akwai. Miƙa mata hannunki, ki kalle ni, kada ki kalli allurar."